Na tare a tsohon gida a Gangare, ta ina zan fara gyara da hannuna?

Sabon_Maigida

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masu sanin gini nake nema. Tsohon gida ne a unguwar Gangare da ke Jos, ɗaki uku da falo. Ɗakuna biyu na baya ginin laka ne da aka yi wa filastar siminti, falo da ɗakin gaba kuma bulo. Ƙasan bango yana fitar da wani farin gari kamar gishiri, fenti na ɓarewa har kusan gwiwa. Silin na asbesto ne, da tabon ruwa wuri uku. Fiyus irin na tangaran ne na da, ruwan famfo kuma ja yake fitowa da safe. Akwai tsaga da ta tashi daga kusurwar taga ta yi sama. Kuɗin hannu ba za su ɗauki komai lokaci ɗaya ba, shi ya sa nake so in yi abin da zan iya da kaina. Niyyata in fara da fenti, in manna tayil a ƙasan bangon ya rufe ɓarnar. Muna cikin Fabrairu. Me kuka gani?

Birkila_Bukuru

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sanya alheri. Amma fenti da tayil ɗin nan ka ajiye su tukuna. Fabrairu wata ne mai ruɗi a Jos: hunturu ya busar da komai, kowane bango sai ka rantse lafiya lau yake. Ruwa zai fara sauka wajen Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuli da Agusta, to sannan gidan zai faɗa maka gaskiyarsa. Makonnin da suka rage maka na rufi ne da gindin bango.

Rufi tukuna. Da tsakar rana ka leƙa cikin silin ta ƙofar da aka bari, ka kashe tocila. Duk inda ka ga haske ya ratso kamar tauraro, huda ce. Ƙafarka a kan katako kawai, kada ka taka allon silin, ba ya ɗaukar mutum. Ka tafi da sukundireba kana soka katakon da ke ɗauke da kwano. In ya nutse cikin sauƙi ko gari ya zubo, gara ta riga ka, sai canji. Sabon katako a shafe shi da maganin gara irin Solignum kafin a ɗora, musamman bakin da aka yanka, don ta nan take shiga. Ka sani kuma tabon da ke silin ba lallai ya kasance daidai ƙarƙashin hudar ba, ruwa yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga.

A sama, ka taka layin ƙusoshi kawai, nan ne katako yake a ƙasa. Yoyon tsohon kwano yawanci daga wuri uku yake: ƙusar da ta ɗago ko robarta ta mutu, haɗin kwano da kwano, da tankwashen da ke kan ƙololuwa. Ƙusa a kan tudun kwano ake bugawa, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Haɗin gefe ya hau aƙalla tudu ɗaya da rabi, haɗin tsaye kuma santimita 15. Ƙaramar huda, ka goge tsatsar da burushin waya, ka manna tef ɗin kwalta da rana tsaka lokacin da kwanon ya yi zafi, ya fi kamawa. Kwanon da tsatsa ta cinye har yana ɓurmawa da yatsa kuwa ba a yi masa faci.

Sai gindin bango. Farin garin nan gishirin ƙasa ne da danshi ya hau da shi, ruwan ya bushe ya bar shi. Tsofaffin gidaje da yawa ba a shimfiɗa musu ledar tare danshi a harsashi ba. In ka manna tayil, danshin bai tafi ko'ina ba, hanyar fita ka toshe masa, sai ya haura ya ɓullo a saman tayil ɗin, daga gwiwa ya koma ƙugu. Fita waje ka duba: shekara da shekaru ana zuba ƙasa da shara, sau da yawa ƙasar waje ta fi daɓen ciki tudu. Ka kwashe ta har ta koma aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓen ɗaki. Sannan ka zuba kankare kewaye da gidan, faɗin santimita 60 zuwa mita ɗaya, kaurin santimita 7 zuwa 8, ya gangara waje zuwa kwata. Haɗin 1:3:6 ya isa, wato buhun siminti ɗaya, kwanon sarki 6 na yashi, 12 na tsakuwa, tunda buhu mai kilo 50 kusan kwanon sarki biyu ne.

A ciki, ka fasa filastar da ta lalace har santimita 30 sama da inda tabon ya tsaya, ka goge gishirin da busasshen burushi. Kada ka wanke da ruwa, narkewa zai yi ya koma cikin bango. Ka bar shi a buɗe ya sha iska. Sabuwar filasta 1:4, buhu ɗaya da kwanon sarki 8 na yashi mai tsabta, kaurin milimita 12 zuwa 15. Buhu zai rufe maka kusan murabba'in mita 9 zuwa 10. Ka jiƙa bangon kafin ka yaɓa, ka yi ta ba shi ruwa safe da yamma kwana 7. A iskar nan ta hunturu filastar da ba ta sha ruwa ba tsagewa take kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe.

Injiniya_Rayfield

Baba Birkila ya gama magana kan rufi, sai dai wuri ɗaya zan ɗan saɓa masa. 1:4 daidai ne a bangon bulo, amma ba a ɗakunan laka ba. Filasta mai ƙarfi ba ta numfashi, kuma ba ta motsi tare da laka. Danshi sai ya taru a bayanta, lakar ta yi laushi, filastar ta rabu tana tsaye kamar ɓawo, daga waje ba ka ganin komai. Ɗauki ƙotar guduma ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa. Inda ka ji ƙarar fanko, ta saki. A wuraren nan haɗi mai sauƙi ake so: siminti 1, farar ƙasa ta gini 1, yashi 6. Kafin yaɓe ka shimfiɗa wayar kaji, ka kafe ta da ƙusa mai inci 3 duk bayan kamar taƙi ɗaya, ka yayyafa ruwa kaɗan, ba ka jiƙa sharkaf ba. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Fentin ruwa kawai a kai daga baya, ban da fentin mai.

In ka fasa ka tarar gindin lakar ya zaizaye ya yi kogo, kada ka buɗe tsawon bangon gaba ɗaya. Mita ɗaya za ka buɗe, ka cike da bulo ko jan tubali, ya kwana uku, ka tsallake mita ɗaya ka buɗe na gaba. Bangon da aka kwashe wa gindi lokaci guda zama yake yi, da rufin a kansa.

Tsagar taga kuwa, auna ta kafin ka cike. Ka yaɓa ɗan POP, farin garin nan da ake yin silin da shi, kamar girman akwatin ashana a kan tsagar wuri biyu, ka rubuta kwanan wata a gefe da fensir. In damina ta wuce bai tsage ba, tsohuwar tsaga ce da ta tsaya. Ka buɗe ta da cizal, ka jiƙa, ka cike. In ya tsage, ko faɗinta ya haura milimita 5, ko tagar ta fara cijewa wajen rufewa, harsashi ne ke motsi ko babu linta, wato dogarin da ke ɗauke da bango, a saman tagar. Wannan ya wuce aikin hannu, a kira injiniya ya gani da ido. Haka batun fasa bango don faɗaɗa falo: a irin waɗannan gidaje bangon tsakiya sau da yawa shi ke ɗauke da rufi, kuma canjin fasalin gini yana buƙatar izinin JMDB, hukumar raya birnin Jos.

Silin ɗin asbesto in bai farfashe ba, ƙyale shi, fenti kawai. Haɗarinsa a ƙurarsa yake, ita ke lalata huhu bayan shekaru masu yawa. Ba a yanka shi, ba a huda shi, ba a goge shi da sanfefa. Wanda ya ruɓe a jiƙa shi, a cire shi ɗungurungum, a naɗe a leda mai kauri, da takunkumi mai lamba FFP3, ba na kyalle ba, yara kuma suna waje. Tsohon fentin mai na ƙofofi ma yana iya ƙunsar dalma, don haka a goge shi da jiƙaƙƙiyar sanfefa.

Mai_Wayarin_Dilimi

Oga, kafin ka mayar da filasta ka gama da waya da bututu, in ba haka ba sau biyu za ka fasa bango ɗaya.

Fiyus ɗin tangaran, zare su ka duba bayan ka kashe babban makunni. In ka ga an ɗaura waya mai kauri a madadin siririyar da ta ƙone, to babu abin da ke tsare gidan, wayar cikin bango ce za ta yi zafi. An yi wayarin waɗannan gidaje ne don ƙwan fitila da rediyo. Yau a Jos da Disamba kowa ya jona hita. Mai wat 2000 tana jan wutar da ta kai kusan am 9 ita kaɗai, ga ta dafa ruwan wanka, ga dutsen guga. Ma'aunin shi ne: fitilu waya mai lamba 1.5 da bireka am 6 ko 10, soket waya 2.5 da am 20, hitar wanka layinta daban da waya 4, kukar girki ta lantarki waya 6. A sa bireka mai kama yoyon wuta ta 30mA, a kafa sandar as, mai kai yoyon wuta cikin ƙasa, a haɗa ta da akwatin.

Abin da za ka iya da kanka: sassaƙa hanyar bututun waya a bango, a miƙe sama ko a kwance, ba a karkace ba, don gobe kada ƙusa ta same ta, binne akwatunan soket, canza soket ɗin da ya yi baƙi. Tsohuwar waya ja ce mai wuta, baƙa ta dawowa, sabuwa kuma ruwan ƙasa da shuɗiya, amma kada ka yarda da launi, gwada da testa, kuma ka tabbata janareta ko inbata a cire suke. Haɗa babban akwati aikin mai wayarin ne. Daga mita zuwa falwaya kuwa na JED ne, kamfanin raba wutar lantarki na Jos, kada hannunka ya je can.

Sabon_Maigida

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa tayil. To jan ruwan fa? Kuma yaushe ke nan zan yi fenti?

Falamba_Katako

Malam, jan ruwa tsatsa ce daga tsohon bututun ƙarfe, ya ciwu ta ciki. Kuma mai yiwuwa shi ne rabin danshinka. Cika tanki da dare, ka rufe duk famfo, ka yi alama da alli a bakin ruwan. In da safe ya sauka, akwai yoyo a ɓoye, ka fara neman sa a bangon da ke manne da banɗaki.

Kada ka tone tsohon bututu, yanke shi ka toshe, ka ja sabon layi na PPR, bututun roba da ake haɗawa da zafi: milimita 25 daga tanki, 20 zuwa kowane famfo. Injin haɗawa ana samun haya. Ya kai zafin digiri 260 tukuna; na 20 daƙiƙa 5 a wuta, na 25 daƙiƙa 7, ka tura a miƙe ba murɗawa, ka riƙe ya huce. In ka bar shi ya daɗe a wuta ko ka tura da ƙarfi fiye da kima, robar takan narke ta toshe ramin ta ciki, daga waje haɗi ya yi kyau amma ruwa na zuwa kamar hawaye. Bututun ruwan datti kuma ya gangara santimita 2 da rabi a kowace mita. Ka sake ruwa a layin ya kwana, ka bi kowane haɗi da busasshen tishu, sannan ka rufe da filasta.

Fenti, sabuwar filasta tana son mako 3 zuwa 4 kafin a taɓa ta. Silin da saman bango ka iya yi bayan ruwan farko biyu ko uku sun gwada maka rufin. Ƙasan bangon da ya yi gishiri kuwa bar shi ba fenti har Nuwamba, ka ja layi da fensir a inda danshi ya tsaya a ƙarshen Agusta, ka gwada da tsohon tabon.