Laburare a Zamanin Intanet: Abin da Kowannenmu Ya Gani da Idonsa

Malamin makaranta mai ritaya, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina yawan jin ana cewa tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, ɗakunan karatu na jama'a sun gama aikinsu, kuma ina tsoron kada wannan magana ta zauna a zukatan masu tsara kasafin kuɗi. Ba jiya muka fara sanin laburare a Arewa ba. A shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, hukumomin En'e sun buɗe ƙananan ɗakunan karatu a manyan garuruwa, inda mutane ke zuwa su karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, su san halin da yaƙin ke ciki. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, sannan a 1953 UNESCO ta yi taro a Ibadan kan bunƙasa ɗakunan karatu na jama'a a Afirka. Tambayata ita ce, har yanzu muna bukatar su da yawa, ko kaɗan sun wadatar? Ina roƙon kowa ya kawo abin da ya gani da kansa, ba abin da ya ji an faɗa ba.

Ɗaliba a jami'a, Kano

Wa'alaikumus salam Baba. Ni na tashi a gidan yawa, kuma ɗakin da nake kwana mu da ƙannena ne, saboda haka lokacin da nake shirin jarrabawar JAMB ba ni da wurin da zan buɗe littafi ba tare da an kira ni aike ko wanke-wanke ba. Laburaren Murtala Muhammad ne ya zame mini mafaka. Gaskiyar magana ita ce yawancin abin da na karanta a can daga wayata na karanta shi, domin tambayoyin shekarun baya da bayanan darussa duk ina da su a cikinta. Abin da ya kai ni shi ne kujera da tebur da shiru, da kuma ganin wasu sun duƙufa, wanda ke sa mutum ya ji kunyar ɓata lokaci. Akwai kuma wani abu da ban ga ana ambata ba: mahaifina ya yarda in fita in yini a can ne saboda sunan wurin laburare, kuma na tabbata da shagon kwamfuta na ce zan je, da bai bar ni ba. Tun daga 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB, amma a ajinmu na sakandare akwai waɗanda ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai da jarrabawa ta matso. Waya ba ta koya wa mutum wannan.

Mai gyaran waya da kwamfuta, Kaduna

Ina neman afuwar manya, amma abin da na gani ya bambanta. A hedikwatar ƙaramar hukumar da na girma akwai gini da aka rubuta laburare a jikinsa. Na shiga ina ɗan sakandare ina neman littafi kan lantarki, sai na tarar da littattafan da suka girme ni, wasu gara ta ci bayansu, ga ƙura, ga fankar da ba ta motsi. Ƙarfe huɗu ake rufewa, kuma ba a buɗewa Asabar da Lahadi, wato daidai lokacin da ɗalibi ke da sarari. Sana'ar da nake ci da iyalina a yau, bayan abin da maigidana ya koya mini, daga YouTube na ƙaro ta, kuma duk sabuwar waya da ta fito a nan nake ganin yadda ake kwance ta. Babu littafin da zai iya bin wannan sauri. Ra'ayina shi ne gara a riƙe guda biyu ko uku masu kyau a kowace jiha, a saka musu sola da intanet, da a warwatsa kuɗi a kan gine-gine masu yawa da ba kowa a cikinsu sai maigadi.

Mai binciken tarihi, Zariya

Ɗan'uwa mai gyaran waya ya faɗi gaskiya game da sana'arsa, sai dai ina so ya lura cewa intanet na ba ka abin da wani ya riga ya ɗora ne kawai, kuma abubuwan da suka shafe mu kaɗan ne aka ɗora. Lokacin da nake rubuta kundin digirina kan tarihin wata masarauta, abin da na samu a intanet bai wuce 'yan sakin layi da kowa ke kwafa daga wani ba. Aikin gaske a Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello na yi shi, da Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, inda rahotannin razdan-razdan da na di'o, wato jami'an Turawan mulkin mallaka, suke. Wanda ke neman rubuce-rubucen malaman Daular Usmaniyya na Larabci da ajami kuwa, dole ya dangana da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano.

Na san waɗannan wuraren bincike ne, ba laburaren unguwa ba, amma a nan damuwata take. Manyan wurare sun adana abin da ya shafi sarakuna da gwamnati. Wa ke adana abin da ya shafi ƙaramin gari? Na je wani gida da aka tabbatar mini kakansu malami ne mai rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami, aka fito mini da gafaka, muka buɗe, muka tarar ruwan sama ya haɗe takardun sun zama dunƙule ɗaya. Da a ce akwai laburare mai rai a wannan gari, da ma'aikacin da mutane suka amince da shi, da an ɗauki hoton takardun tun kafin su lalace, a bar wa iyalin asalinsu. Haka nan dubban littattafan Hausa da aka buga a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda mata suka rubuta da yawa daga cikinsu. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta ce mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a can, amma marubucin da ya buga da kuɗinsa ya kai kasuwa sau da yawa bai ma san da dokar ba. Yanzu da marubuta suka koma sayar da labaransu ta WhatsApp, abin ya fi ba ni tsoro, domin ranar da waya ta ɓace ko aka rufe rukunin, littafin ya tafi ke nan. Wannan ya sa nake ganin yawansu ake bukata, domin laburare guda a babban birni ba zai san abin da ke cikin gafakar wani ƙauye ba.

Matar aure, mai koyarwa a Islamiyya, Katsina

Malam mai bincike ya tuna mini da zamanin hayar littafi. A unguwarmu akwai mai ɗan shago da ke ba da haya, ƙannenmu muke aikawa su karɓo, kuma da wannan mata da yawa da aka cire daga makaranta suka riƙe karatun bokonsu. Idan aka ce guda biyu kacal za a bari a jiha, to ba da mu aka yi ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita zuwa tsakiyar gari da dawowa ya fi ƙarfin mace mai 'ya'ya. A makarantarmu mun ware ɗaki ɗaya, iyaye suka kawo littattafan da ke gidajensu, kuma yara kan zauna bayan an tashi. Ƙarami ne ƙwarai, amma da ƙafa ake zuwa.

Malamin firamare, Damagaram

A nan Nijar muna da cibiyoyin karatu da ake kira CLAC, waɗanda aka kafa a ƙananan garuruwa da tallafin ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. A irinsu na fara aron littafi in tafi da shi gida, kuma har yau nakan tura ɗalibaina. Fatana a ƙara littattafan Hausa, domin yaron da ya fara jin daɗin karatu da harshensa ba ya wahalar kama na biyu.

Ma'aikaciyar laburare

Ƙanena mai gyaran waya, abin da ka bayyana ya sosa mini rai domin na san shi daga ciki. A inda nake aiki albashi ke zuwa, amma kuɗin sayen sababbin littattafai da jaridu an daɗe ba a gan shi ba, kuma ba ma'aikaci ne ke yanke lokacin rufewa ba. Duk da haka mutane ba su daina zuwa ba. Akwai dattijon da ke zuwa in taya shi cike takardun fansho ta intanet, akwai matasa masu neman aiki da ba su san yadda za su bambanta shafin gaskiya da na 'yan damfara ba, akwai ɗaliban da datarsu ke ƙarewa tsakiyar karatu, musamman tun da aka ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Ginin da ka gani babu kowa, an yanke masa abinci ne aka bar shi, kamar rijiyar da aka daina yasa, sannan aka ce ba ta da ruwa. Abin da muke nema ba shi da yawa: sola, 'yan kwamfutoci, sababbin littattafan yara, da izinin buɗewa har zuwa bayan isha'i da ranar Asabar.

Mai gyaran waya da kwamfuta, Kaduna

Yaya, na ji bayaninki, kuma maganar Malama ta Katsina kan kuɗin mota hujja ce mai ƙarfi. Har yanzu dai ina kan cewa kada a sake aza tubalin sabon gini sai an raya waɗanda ke tsaye. Idan hukumarku za ta amince a buɗe ranar Asabar, ni da yaran shagona za mu zo mu duba kwamfutocin da suka lalace kyauta, mu kuma zauna da ɗalibai masu shirin JAMB su saba da na'urar kafin ranar jarrabawa. Ki sanar da mu ta wace hanya ake neman izinin, kuma wa ake rubuta wa takarda.