Laulayina ya ɗauke a sati na 12, lafiya kuwa?

Sabuwar Amarya:
Assalamu alaikum 'yan uwa dan Allah ina neman shawara. Cikin fari ne dani, bisa lissafin sikanin ɗin da nayi kwanaki yanzu na shiga sati 12. Tun wajen sati 6 nake fama da laulayi, ko albasa aka soya a maƙota sai nayi amai, gwangwanin tofar da yawu kuwa har gefen gado nake kwana dashi, to shekaranjiya kawai na tashi naji ni garau har tuwo da miyar kuka naci na ƙara. Maimakon inyi murna sai gabana keta faɗuwa, ga ciki bai fito ba ga ba motsi. Ko wani abu ya samu yaron ne? Kuma Hajiyar maigidan tace wai ba a fara awo sai ciki ya kai wata biyar.

Maman Biyu:
Wa alaikissalam amarya, kai cikin fari manya! Motsin me kike nema yanzu? Ni a na fari sai da na kusa wata biyar sannan naji wani abu kamar iska na yawo a marata, ban ma gane shi bane sai da yayata ta faɗa min. Ki ci tuwonki ki gode Allah.

Anti Nas:
Ƙanwata kwantar da hankalinki. Sinadarin da jiki ke fitarwa in an samu ciki, wanda shine ke nuna layi biyu a tsinken gwaji, yana kai ƙololuwa ne wajen sati 10 daga nan sai ya fara sauka, shi yasa mata da yawa daga sati 12 zuwa 14 suke samun sauƙin amai. Lokacin ne kuma mabiyiya ke karɓar aikinta sosai, haɗarin ɓari ma yana raguwa ƙwarai in an wuce nan.

Yaron yanzu tsawonsa daga kai zuwa mazaunai bai wuce santimita 5 zuwa 6 ba, kamar lemon tsami guda, amma fa an gama zana masa komai, yatsun hannu da na ƙafa sun rarrabu, farce ya fara fitowa, ƙoda ta fara yin fitsari, zuciya kuwa tun wajen sati 6 take bugawa, yanzu tana yin kamar 150 a minti ɗaya kusan ninki biyu na taki. Yana motsi wallahi, in kin kalli sikanin zaki ganshi yana harba ƙafa, ƙanƙanta ce ta hana kiji, mai cikin fari sai sati 18 zuwa 20. Mahaifar ma yanzu ne take leƙowa saman ƙashin mara, to ina cikin zai fito?

Amma batun awo, da girmamawa ga Hajiya, ki lallaɓa maigidan ya kai ki cikin satin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce zuwan farko ya kasance cikin sati 12 na farko, a je aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Za a auna jininki da fitsari da hawan jini, a baki folik asid da ƙwayar ƙarin jini, a saurari bugun zuciyar yaron, wanda shi kaɗai ne zai cire miki wannan fargabar ba maganarmu ta nan ba. Fansida ta rigakafin maleriya kuma sai an shiga sati 13 ake farawa, kar ki saya a kemis ki sha da kanki, ki dai riƙa kwana a gidan sauro. In kinga jini ko ɗan ɗigo ne, ko mara ta murɗa miki sosai, ko zazzaɓi, kar ki jira ranar awo.

Uwar Gida Ran Gida:
Ke dai kinji daɗinki amarya, ni nawa laulayin bai san wani sati 12 ba, har wata biyar ina amai, sau biyu ana kwantar dani ana min ƙarin ruwa don ko ruwa nasha baya zama. Abin da zan ja miki kunne akai shine yanzu da bakinki ya buɗe kwaɗayi zai taso, banda farar ƙasa dan Allah, ni ita ta jawo min taurin bayan gida ga ƙwayar ƙarin jinin ma tana nata. Ki yawaita ruwa da zogale da kankana.

Sabuwar Amarya:
Nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na nuna wa oga saƙon Anti Nas yace Litinin zai kaini, Hajiya kuma shi zai san yadda zai faɗa mata. Anti in naje za su iya gaya min mace ne ko namiji?

Anti Nas:
Ji min yarinya da gaggawa! Sai wajen sati 20 ake gani da kyau, shima in bai matse ƙafa ba. Ki tafi da takardar sikanin ɗinki ta baya, kuma ki karya kafin ki fita don layin Litinin ba wasa bane.