Neman shawara: an ce in horar da abokan aikina kan tantance yara, ga shi uwar farko da na gwada ta gudu

Sista mai awon yara: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 11 a sashen awon yara da rigakafi. A watan jiya aka tura ni bitar kwana 3 kan tantance ƙananan yara domin gano alamun otizim, lalurar da wasu ke kira galahanga, da sauran nau'o'in jinkirin girma. Asali ba ni aka zaɓa ba, wata abokiyar aikina ce, amma ta tafi hutun haihuwa, takardar gayyatar kuma ta kwana 4 a kan teburin shugabanmu kafin ya tuna da ita, sai da na musanya aikin dare biyu kafin na samu tafiya, har yau kuma wasu suna yi mini kallon wadda ta yi kutse. A can aka koya mana amfani da takardar M-CHAT-R, mai tambaya 20 da iyaye ke amsawa da e ko a'a, ga yara 'yan wata 16 zuwa 30. Da na dawo shugaba ya ce in horar da mutum 6 na sashenmu, kuma ranar Litinin mai zuwa aka sa.

Na ce bari in fara gwadawa da kaina. Wata uwa ta kawo ɗanta ɗan wata 20, tun suna kan layi na lura ya kifar da motar wasansa yana ta juya taya ɗaya, na kira sunansa sau uku bai waiwayo ba. Muka cike takardar, ya samu maki 5, na gaya mata abin da nake zargi. Ta saɓa ɗanta, ta ce Allah ya kiyaye, ta fita ta bar katin awon a kan teburina, yau kwana 10 ke nan. Yanzu abokan aikina suna cewa ba za su karɓi takardar da ke korar iyaye ba. In ci gaba da horon, ko in nemi a ɗaga?

Dakta, likitan yara: Wa alaikumus salam. Sista, laifin ba na takardar ba ne, rabin aikin kika yi. Maki 0 zuwa 2 haɗari kaɗan ne, 8 zuwa 20 a tura yaro wurin ƙwararre kai tsaye, amma 3 zuwa 7, inda yaron nan ya faɗa, ƙa'ida ita ce a zauna da uwa a sake bin tambayoyin da aka samu matsala a kansu ɗaya bayan ɗaya, ana neman misali daga gare ta, domin da yawa daga cikin yaran makinsu yakan sauka bayan wannan zama. Tantancewa daban, tabbatar da lalura daban. Sannan yaron da ba ya waiwaya idan an kira shi, gwajin ji ake fara yi masa kafin a ambaci wani suna. Kada ki ɗaga horon, amma ki ba da rabin lokacinsa ga yadda ake magana da uwa: a faɗi abin da aka gani, kamar rashin nuni da yatsa ko rashin haɗa ido, a bar sunan lalura ga wanda zai yi cikakken bincike.

Maman Yaya Babba: Ni dai Sista Allah ya saka miki da alheri, da irinki na samu da ban sha wahalar da na sha ba. Ɗana yana shekara 2 ba ya furta ko kalma ɗaya, na yi ta kai kuka wurin awo ana ce mini namiji ne, maza ba sa saurin baki, wata ma cewa ta yi ni ce ba na yi masa hira. Sai da ya shekara 5 aka gaya mini gaskiya, bayan makaranta biyu sun dawo mini da shi. Uwar nan ta ji zafi, amma za ta dawo, gara a faɗa wa mutum ya yi kuka da a yi masa shiru.

Baba, tsohon jami'in lafiya: 'Yata, tambaya ɗaya zan yi miki wadda ban ga amsarta a cikin dogon bayaninki ba: idan kin gano yaro, ina za ki tura shi, kuma wata nawa zai jira kafin a gan shi? Ko ƙasashen da ke da ƙwararru ba su yi ittifaƙi ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a tantance kowane yaro a wata 18 da 24, amma kwamitin da ke auna hujjojin matakan kariya a can Amurkan ya ce a 2016 hujja ba ta isa ba a kan yaran da babu wanda ya nuna damuwa game da su, Birtaniya kuma ba ta tantance kowa da kowa. Na shekara 30 ina ganin ana kiran bita, a raba jaka da takarda, a dawo a ƙara wa mutum biyu aikin mutum goma, bayan wata shida takardun su ƙare, babu mai sake bugawa. Shawarata ki ɗaga.

Dakta, likitan yara: Baba, ranka ya daɗe, a nan ban bi ka ba. Wannan yaron ai an ga alama a jikinsa, ba ya cikin waɗanda ake gardama a kansu. Kuma ba hannu rabbana za a sallami iyaye ba, Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin koyar da iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin girma yadda za su yi amfani da wasa da ayyukan gida wajen jawo yaro ga magana, an tsara shi ne domin ma'aikatan da ba ƙwararru ba su iya gudanarwa, ba a kuma sharɗanta sai an tabbatar da lalura ba. Hukumar ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da otizim, ke nan suna wucewa ta gaban teburin Sista ko ta duba ko ba ta duba ba.

Sista mai awon yara: Dakta, na gode, amma ban ce mata ɗanta yana da lalurar ba, cewa na yi da alama. Zama na biyun da kake magana a sa'ar ƙarshe ta bitar aka taɓo shi, ranar kuma akwai iyaye sama da 40 a bayanta, da na ce ta jira da sauran sun tayar mini da hankali. Shekara 11 ina kallon yara, na san abin da na gani.

Anti ungozoma: Ƙanwata, ni abin da ya dame ni wurin da kika yi maganar. A teburin allura kika ambaci otizim, alhali har yau akwai iyayen da ke ɗauke da jita-jitar cewa rigakafi na jawo otizim, wadda ta samo asali daga rahoton wani likitan Birtaniya, Andrew Wakefield, na 1998 kan rigakafin ƙyanda, duk da mujallar Lancet ta janye shi a 2010 kuma manyan bincike ba su ga alaƙa ba. Ku ware wata rana daban.

Dakta, likitan yara: Anti, idan aka ware rana babu mai zuwa. A sauya ɗaki, kada a sauya rana.

Sista mai awon yara: Ɗaki ɗaya gare mu, Dakta, labule ne ya raba awo da allura. Horon dai shugaba ya riga ya liƙa sanarwarsa, ba na jin zan iya komawa in ce a ɗaga. Katin yaron yana cikin durowata da lambar wayar mahaifinsa a jiki, jiya na ɗauko shi sau biyu na mayar. Uban zan kira, ko in jira ranar awonsu ta gaba?