Ta yaya ake auna tasirin binciken Farfesa Olopade kan sankarar mama?

Ɗalibar digiri na biyu: Assalamu alaikum. An ba mu aikin nazarin tasirin wani masanin ciwon daji da waɗanda yake aiki tare da su. Na zaɓi Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago, wadda ta yi karatun likita a Ibadan. Shin ƙirga sau nawa aka ambaci maƙalunta ya wadatar? Kuma ta ina zan fito da abokan aikinta?

Ma'aikacin laburare: Wa alaikumussalam Malama. Fara da tantance suna, don nan mutane ke tafka kuskure. A PubMed, rumbun maƙalun likitanci na intanet, ki nemi "Olopade OI", kada ki rubuta Olopade kawai, domin akwai wasu masu bincike da wannan suna a Chicago da Ibadan, sai maƙalunsu su shigo miki. Ma'aunin h kuwa mai sauƙi ne: wanda yake da 40, yana da maƙala 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Cikin rumbunan da ke ƙirga ambato, Google Scholar kan ba da adadi mafi yawa fiye da Scopus saboda yana haɗawa da kundayen ɗalibai, don haka ki tsaya kan guda, ki rubuta ranar da kika ɗauka. Taswirar abokan aiki kuma, ki sauke bayanan ki zuba a manhajar VOSviewer, kyauta ce. Ki bar ta ta cire maƙalun da marubutansu suka haura 25. In ba haka ba, maƙala ɗaya ta babbar gamayya mai marubuta ɗaruruwa za ta nuna miki kamar duk abokanta ne, alhali wasu samfurin jini kawai suka aiko.

Likitan sankara: Abin da Malam ya faɗa daidai ne, amma lamba ba ta gaya miki abin da ya sauya wa maras lafiya. Ki karanta maƙala biyu da kanki. Ta 2009 ta duba ƙari 507 daga Najeriya da Senegal, ta gano kusan kashi 24 cikin ɗari ne kawai ke da mahaɗin sinadarin estrojin, wato gurbin da wannan sinadari ke kamawa a ƙwayoyin ƙarin, kuma matan suna kamuwa da ƙananan shekaru, wajen 45. Wannan babban al'amari ne, domin maganin tamoxifen ba ya aiki sai ga ƙarin da ke da wannan mahaɗi, ga shi an daɗe ana rubuta wa mata shi ba tare da gwaji ba. Ta 2018 kuma, wadda aka yi tare da masaniyar ƙwayoyin gado Mary-Claire King, ta gwada mata 1,136 masu cutar a Ibadan: kashi 7 suna ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gado ta BRCA1, kashi 4.1 kuma ta BRCA2. Wannan ta 2018 ta samo asali ne daga nazarin da aka faro a asibitin koyarwa na Ibadan a 1998. Ki duba jerin marubuta da kyau: na farko yawanci shi ya yi aikin, na ƙarshe shi ne jagora. Ki ƙirga sau nawa likitocin Ibadan suka zo a waɗannan gurabe biyu. A ganina nan ne ake gane haɗin gwiwa na gaskiya.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Likita, a ƙara da cewa wancan kashi 24 an yi ta muhawara a kansa. Wani nazari na Clement Adebamowo da abokansa a 2008 ya samu wajen kashi 65 a Najeriyar dai. Ɗaya daga cikin dalilan da ake kawowa shi ne yadda ake adana naman da aka yanko. Ƙa'ida ita ce ya shiga fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, cikin awa ɗaya bayan fiɗa, fomalin mai kashi 10 wanda aka daidaita tsaminsa, ya zauna awa 6 zuwa 72. Babban ƙari sai an yayyanka shi kaurin milimita 5, ruwan kuma ya ninka naman kamar sau goma. Idan aka jefa mama gaba ɗaya cikin ƙaramin bokiti, waje zai kama, ciki ya ruɓe, gwaji ya ce babu mahaɗin alhali akwai, a hana mace maganin da zai amfane ta. Tsofaffin samfura da suka shekara a ma'ajiya ma kan rasa alamar. Don haka ƙanwata, cikin masu ambaton maƙalar 2009 akwai masu goyon baya, akwai masu ja, kuma Scopus duk ɗaya yake ƙirga su. Ki ɗauki kamar 30 ki karanta jimlar da aka ambace ta, ki rarraba su.

Ɗalibar digiri na biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Malam, idan makarantarmu ba ta biyan kuɗin Scopus, VOSviewer tana karɓar fayil daga PubMed?

Ma'aikacin laburare: Tana karɓa. Za ki iya fitar da taswirar marubuta da ta kalmomi, sai dai fayil ɗin PubMed ba ya ɗauke da bayanan ambato. Wannan ki ɗauko daga rumbun OpenAlex, shi ma kyauta ne.