Ta yaya ake hasashen wanda zai ci kokas ɗin Ayowa?

Ɗan Birnin Kudu ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masu bin siyasar Amurka sau da ƙafa. Shekara da shekaru Jihar Ayowa ce ke buɗe fagen fidda gwanin ɗan takarar shugaban ƙasa, ta hanyar taron 'yan jam'iyya a mazaɓu wanda suke kira kokas. A 2016, ƙuri'ar jin ra'ayi ta ƙarshe da jaridar Des Moines Register ta fitar ta ba Trump kashi 28 a ɓangaren jam'iyyar Rifablikan, Cruz 23, Rubio 15. Da aka ƙirga sai ga Cruz da 27.6, Trump 24.3, Rubio kuma 23.1. To idan ƙuri'ar da ake cewa ta fi kowacce inganci a jihar ta kauce haka, da me mutum zai auna? Matakai nake so filla-filla: me ake fara dubawa, me ke biye, kuma a ina lissafin yake lalacewa?

Mai Alƙalami ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko, ka daina tambayar wa mutanen Ayowa suke so. Ka tambayi wa zai fito daga gidansa ƙarfe 7 na dare a tsakiyar hunturu, ya je makaranta ko coci ko ɗakin taron unguwa, ya zauna awa ɗaya ko fiye. Ba rumfa ba ce da ake buɗewa da safe ka jefa ƙuri'a ka wuce kasuwa. Lokaci ɗaya ne ga kowa, kuma a al'adar kokas wanda bai zo ba ya rasa. Mai aikin dare, da mai ƙananan yara, da tsohon da ba ya tuƙi cikin duhu, da yawansu sun fita daga lissafi tun kafin a fara.

Shi ya sa yawan masu fitowa yake hawa da sauka sosai. A ɓangaren Rifablikan, wajen mutum 121,000 suka fito a 2012, wajen 186,000 a 2016, sai ya faɗo zuwa wajen 110,000 a 2024, wato kusan kashi 15 kacal na masu rajistar jam'iyyar. Jihar kuwa tana da mutum sama da miliyan 3. Mai buga waya yana jin ra'ayi dole ya tsamo wannan ɗan tsiraru daga cikin jama'a, kuma nan ne wahalar take.

Kuskuren 2016 da ka kawo, ga inda ya fito. A ƙuri'ar jin ra'ayin, Kiristoci 'yan Ebanjelika, wato masu tsananin riƙon addini, sun kasance kashi 47 na waɗanda suka ce za su zo. A daren, tambayar da aka yi wa mutane a bakin ƙofa ta nuna sun kai kashi 64. Su ne ƙashin bayan Cruz. Da ka sauya wannan adadi guda ɗaya, tazarar da ke tsakanin Trump da Cruz ta kusa ɓacewa. Don haka duk ƙuri'ar jin ra'ayin da ta zo hannunka, ka wuce shafin farko ka nemi teburan ciki. Ka duba kashi nawa ne 'yan Ebanjelika, kashi nawa ne sababbin zuwa, kashi nawa ne 'yan ba-ruwanmu da za su sauya rajista a bakin ƙofa, don doka ta yarda a yi haka a daren. Sai ka kwatanta da na shekarun baya.

Abu na biyu, ƙwazo. A ƙuri'ar ƙarshe ta 2024, Trump na da 48, Haley 20, DeSantis 16. Amma a cikin magoya bayan Haley kashi 9 ne kawai suka ce suna matuƙar ɗokin zuwa, na Trump kuwa kashi 49. Ann Selzer, wadda ta gudanar da ƙuri'ar, ta ja hankali a kan wannan tun kafin ranar. Sakamako ya fito Trump 51, DeSantis 21.2, Haley 19.1. Wanda ya karanta layin ƙwazo bai yi mamakin faɗowar Haley zuwa ta uku ba.

Abu na uku, kwanakin ƙarshe. Ana ɗaukar kwana huɗu ko makamancin haka ana buga waya, sai a haɗa a fitar da adadi ɗaya. A 2012 adadin Santorum 15 ne, amma a kwana biyun ƙarshe kaɗai ya kai 21. Mai hawa a makon ƙarshe yakan wuce abin da aka ba shi. Haka ta faru da Kerry da Edwards a 2004, haka ta faru da Rubio a 2016. Kuma kada ka manta mutum 600 zuwa 700 ake tambaya, kuskuren kashi 4 sama ko ƙasa yana nan ko da an yi komai daidai.

Malama Ta Zazzau ta amsa:

Abin da Mai Alƙalami ya faɗa daidai ne, sai dai ya fi dacewa da Rifablikan. Su nasu mai sauƙi ne: wakilin kowane ɗan takara ya yi ɗan jawabi, a raba takarda, kowa ya rubuta suna a ɓoye, a ƙirga a gaban jama'a. Wakilai 40 da jihar ta tura babban taron jam'iyya na ƙasa a 2024 an raba su gwargwadon ƙuri'a: Trump 20, DeSantis 9, Haley 8, Ramaswamy 3.

Na Dimokurat, yadda suka yi shi har zuwa 2020, wani abu ne daban, kuma wanda bai san ƙa'idarsa ba hasashensa zai tashi a banza. Ya fi kama da ƙato bayan ƙato da muka sani, kowa ya tsaya a kusurwar gwaninsa maƙwabta na kallo. Bambancin shi ne akwai zagaye na biyu. A mazaɓar da ke tura wakilai huɗu ko fiye zuwa taron jam'iyya na gunduma, duk ɗan takarar da bai kai kashi 15 na mutanen ɗakin ba ya faɗi, mutanensa su nemi wata kusurwar ko su tafi gida, sai dai in sun jawo wasu sun cika kason.

Bari in ba da misali da alƙaluma na ƙirƙira don a gane. Ɗaki mai mutum 200, wakilai 10, ke nan sai da mutum 30 za ka tsira. Zagayen farko: na ɗaya 70, na biyu 56, na uku 28, na huɗu 26, na biyar 20. Uku sun gaza. Sai mutum 6 suka koma wajen na uku ya zama 34 ya tsira, 26 suka bi na biyu ya zama 82, 8 suka bi na ɗaya ya zama 78, 6 suka tafi gida. Ana ninka yawan kowace ƙungiya da yawan wakilai, a raba da 200 ɗin farko. Na ɗaya 3.9, ya zama 4. Na biyu 4.1, shi ma 4. Na uku 1.7, ya zama 2. Ka ga wanda ke gaba da 14 a farko an wuce shi, wanda ya wuce shi bai ƙaru da komai ba, mai mutum 34 kuma ya kwashi rabin abin da mai 82 ya samu. Yanzu ka ninka wannan a mazaɓu sama da 1,600.

Saboda haka a nan tambayar "wa ka fi so bayan gwaninka" ta kusa kai ta farko muhimmanci. Ɗan takarar da ya zagi kowa ba ya samun na biyu. A 2004 Dean da Gephardt suka yi ta yagar juna a talabijin, jama'a suka gudu wajen Kerry da Edwards, suka ƙare da 38 da 32, Dean ya tsaya a 18. Edwards har yarjejeniya ya ƙulla da Kucinich cewa inda ɗayansu ya gaza mutanensa su bi ɗayan.

Sai maganar da mutane suka fi mantawa. Nauyin kowace gunduma an riga an yanke shi bisa ƙuri'un da jam'iyya ta samu a manyan zaɓukan baya, ba bisa yawan waɗanda suka cika ɗaki a daren ba. Ɗalibai dubu su cika zaure a garin jami'a, wakilan mazaɓar ba za su ƙaru ba. Wannan ne ya faru a 2020: Sanders ya fi yawan mutane a zagaye na farko da na ƙarshe, amma Buttigieg ya bazu a karkara, ya fito da 26.2 a lissafin wakilai, Sanders 26.1. Mai goyon baya a ko'ina ya fi mai tarin jama'a a wuri uku.

A lura, a 2024 Dimokurat sun cire Ayowa daga sahun farko suka sa Karolaina ta Kudu, 'yan jam'iyyar a Ayowa kuma suka aika zaɓinsu ta gidan waya. Don haka kafin kowane lissafi a fara karanta ƙa'idar jam'iyya ta shekarar.

Baban Umma ya amsa:

Ni ina so in yi magana a kan tsari a ƙasa, domin a ganina ana zuzuta shi fiye da kima. Yadda ake yi shi ne masu kamfe su bi gida-gida, su ba kowane mutum lamba daga 1 zuwa 5. Lamba 1 shi ne wanda ya yi alkawari, sau da yawa har da sa hannu a kati. Sai a naɗa jagora a kowace mazaɓa wanda zai kira su, ya ɗauko marasa mota, ya yi jawabi a ɗaki. Tambayar da za ka yi ita ce mazaɓa nawa ɗan takara ke da jagora a ciki, kuma jagoran ɗan unguwar ne ko baƙo. Dean ya shigo da dubban 'yan sa-kai daga wasu jihohi a 2004, masu hular ruwan lemo, bai hana shi zuwa na uku ba. Trump a 2024 ya ɗora wa kowane jagora nauyin kawo mutum 10 daga unguwarsa, kuma ya ci gunduma 98 cikin 99. Ɗayar da ta kuɓuce masa, Johnson, Haley ta ci ta da ƙuri'a ɗaya tak.

Amma tsari yana ƙara maka kashi kaɗan ne, ba ya cike rami. DeSantis ya zaga gundumomi 99 duka, Gwamna Kim Reynolds ta mara masa baya, haka ma Bob Vander Plaats, jagoran 'yan Ebanjelika wanda ya tsaya wa Huckabee a 2008, Santorum a 2012 da Cruz a 2016, dukkansu suka ci. Duk da haka aka bar shi a baya da kusan kashi 30. Abin da tsarin ya saya masa shi ne matsayi na biyu. Goyon bayan manya kuwa a yi hattara da shi: a 2016 Gwamna Terry Branstad ya fito fili ya ce a kayar da Cruz saboda adawarsa da dokar cakuɗa sinadarin ethanol da ake yi da masara a fetur, a jihar da ta fi kowacce noman masara, kuma Cruz ya ci.

Abubuwan da ban ba su nauyi ba: cikar filin taro, yawan kuɗin talla, da ƙuri'ar gwaji ta bazara. Michele Bachmann ta ci ta garin Ames a 2011, a kokas ta zo ta shida da kashi 5. An ma daina yin ta tun 2015.

Ɗan Birnin Kudu ya sake tambaya:

Allah ya saka da alheri, Malama da malamai. Saura biyu. Sanyi yana sauya sakamako da gaske? Kuma a daren, ina mutum zai fara kallo?

Mai Alƙalami ya amsa:

Sanyi yana rage yawa, amma ba lallai ya sauya wanda ke gaba ba. Ranar 15 ga Janairu 2024 ma'auni ya sauka wajen digiri 20 ƙasa da sifili, bayan guguwar ƙanƙara ta rufe hanyoyi. Mutane sun ragu sosai, amma kason Trump ya ɗan wuce abin da aka yi hasashe. Ka haɗa hasashen yanayi da layin ƙwazon nan: wanda mutanensa ke sanyi-sanyi shi ne zai yi asara.

A daren, ga Rifablikan ka duba wuri uku. Gundumomin Sioux da Lyon a arewa maso yamma su ne ma'aunin masu riƙon addini. Polk inda Des Moines take, da Dallas maƙwabciyarta, su ne ma'aunin masu digiri mazauna gefen birni. Johnson da Story garuruwan jami'a ne. Rubio ya ci waɗannan huɗun da Scott a 2016, gunduma biyar ke nan kacal, amma yawan jama'arsu ya kai shi dab da Trump. Ƙananan mazaɓun karkara sukan gama da wuri, don haka alƙaluman farko suna karkata wajensu, kada su ruɗe ka.

Idan tazara ta yi faɗi ba a jira: a 2024 kamfanin labarai na AP ya sanar da Trump kusan minti 30 da fara taro, wasu ɗakunan ba su ma jefa ƙuri'a ba. Idan kuwa tazarar ba ta kai kashi 1 ba, ka riƙe bakinka, domin 'yan sa-kai na jam'iyya ne ke ƙirga, ba hukumar zaɓe ba. A 2012 aka ce Romney ya ci da ƙuri'a 8, bayan mako biyu aka ce Santorum ne da 34, kuma takardun mazaɓa 8 ba a taɓa tantance su ba. A 2020 manhajar tura sakamako ta Dimokurat ta lalace, layukan waya suka cushe, aka yi kwanaki ana jira, AP kuma ta ƙi bayyana kowa a matsayin wanda ya ci.