Ɗan da aka ci ya dawo fage: me za mu kira shi a darar Japan?

Mai neman kalma:
Salamu alaikum. Wata uku ke nan da na fara koyon shogi, darar mutanen Japan, a waya. Ƙannena biyu suka yi ta leƙe ta kafaɗata har suka ce sai na koya musu, na yanka kwali na zana allo. A nan ne bakina ya sarƙe. Hannu ya san inda kowane ɗa zai taka, amma ba ni da sunan da zan kira shi da Hausa, kuma yaro ɗan shekara 9 ba zai riƙe sunaye takwas na Japananci a zama ɗaya ba.

Ga fasalin abin ga wanda bai taɓa gani ba. Allon gida 81 ne, tara a tsaye tara a kwance. Kowa na da 'ya'ya 20, iri takwas. Babu baƙi babu fari. Duk 'ya'yan launi ɗaya ne, 'yan katakai masu kusurwa biyar da tsini a ka, an rubuta wa kowanne sunansa a jiki. Tsinin ne ke nuna mai ɗa: naka na kallon abokin wasa, nasa na kallonka. Dalilin haka shi ne dokar da ta kawo ni nan. Idan ka ci ɗan abokin wasanka, ba ya fita daga wasa. Za ka ajiye shi a gefen damanka ya zama naka, kuma duk sa'ad da yi ya zo kanka kana iya ɗaukarsa ka sa a gidan da ba kowa, ya juya tsini ya yaƙi tsohon ubangidansa. Japanawa na kiran irin wannan ɗa mocigoma. Shi nake nema wa suna, shi da aikin mayar da shi allo. Sauran sunayen ma ina so, amma wannan ne ya tsaya min a rai.

Dattijo mai dara:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ni tamu na sani, mai gida 30 da ake tona a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗaya. A wurinmu wanda aka ci ya tafi ke nan. Amma tun da ka ce ɗa, ka ce gida, ka ce ci, to rabin aikin dara ta riga ta yi maka, kada ka taɓa waɗannan. Wanda aka kama a yaƙi kuwa bursuna ne. Sauran ka raba musu sarauta: Waziri, Galadima, Madawaki, dogarai. Yaro zai gane nan take wa ya fi wa.

Mai neman kalma:
Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Ɗa da gida da ci sun zauna. Bursuna ne ban natsu da shi ba, domin bursuna a ɗaure yake, ba a ba shi makami. Wannan kuwa shi ne makami mafi haɗari a wasan, tunda ba ka san ta inda zai faɗo ba.

Malamin Hausa:
Baba ya kawo abu mai daɗi da batun sarauta, sai dai ina tsoron ta. Jerin girman Waziri da Galadima da Madawaki ba ɗaya ba ne daga masarauta zuwa masarauta, za mu ƙare da musu tsakanin Bakano da Bazazzagi kafin a motsa ɗa ko ɗaya. Kuma sunayen asali suna da ma'anar da Hausa ke iya ɗauka ba wahala. Osho sarki ne. Kin zinare, gin azurfa. Keima doki. Fu sojan ƙasa, wato dakare, su tara a sahun gaba, dakaru ke nan. Kyosha kuwa, mai miƙewa gaba iya tsawon layi ba ya dawowa, su kansu Japanawa suna yi masa laƙabi da yari, ma'anarsa mashi. Mu ce mashi mu huta. Wanda ya jefa mashi ya san ba ya komowa hannu, sunan ya koyar da tafiyar.

Zinare da azurfa ne ba sa nuna tafiyarsu, dole a haddace. Zinare na taka gida ɗaya ta fuska shida: gaba uku, gefe biyu, da baya tsaye. Azurfa fuska biyar: gaba uku da karkacen baya biyu, ba ta zuwa gefe, ba ta ja da baya tsaye. Duk mai koyo a nan yake tuntuɓe. Dokin ma a kula, gaba kawai yake tsalle, gida biyu gaba, sannan gida ɗaya gefe, don haka wuri biyu kaɗai yake iya dira.

Wata ɗaliba:
Malam, ina da tambaya a kan manyan biyun. Kaku mai tafiyar karkace, ma'anar sunansa mai bin kusurwa, kusurwa ta yi daidai. Amma hisha fa? Sunan na nufin keken yaƙi mai tashi. In muka ce keke, yara za su hango mai feda. Amalanke kuma nauyi gare shi, alhali wannan ɗan yana ratsa allo tsaye da kwance a yi ɗaya.

A kan mocigoma, me zai hana ganima? Abin da aka ƙwato a yaƙi ya zama mallakarka, ka yi amfani da shi yadda ka so.

Malamin Hausa:
'Yata, a ajiye karusa ga hisha kafin a samu wadda ta fi ta. Kalmar tana nan a Hausa, ba kowa ke jin ta kullum ba ne kawai.

Ganima ta fi bursuna kusa, amma ta mai da ɗan kaya, kamar tufa ko shanu. Abin da ya bambanta shogi shi ne wanda aka kama yana dawowa da muƙaminsa: zinare ya dawo zinare, azurfa ta dawo azurfa. Ana ba da labarin cewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu jami'an mamayar Amurka sun zargi shogi da koyar da cin zarafin fursunoni, sai gwanin wasa Masuda Kozo ya ba su amsa da wannan hujjar, cewa a shogi ba a kashe wanda aka kama, ana mutunta iyawarsa a bar shi a matsayinsa. Kalmar da za mu zaɓa ya kamata ta bar masa wannan mutunci. Saboda haka ma ban kawo bawa ba, kuma ina roƙon kada a kawo.

Wani mai bin siyasa:
Ai mai sauya sheƙa ne kawai, Malam. Jiya yana can, yau yana nan. Ko sojan haya, tunda ana yawan danganta dokar da zamanin yaƙe-yaƙen Japan na ƙarni na 16, lokacin da mayaƙa ke komawa bayan wanda ya ci su.

Mai neman kalma:
Yaya, mai sauya sheƙa da ƙafarsa yake tafiya, don kansa. Wannan kama shi aka yi. Sojan haya kuma kuɗi ya kawo shi. Sannan akwai wata matsala da na gano ina koyarwa: kalmar za a riƙa faɗin ta sau da yawa a wasa ɗaya. “Duba me ke gefensa.” “Nawa gare ka?” Dole ta zama gajera, mai jam'i mai sauƙi.

Jiya ƙaramin ya tambaye ni, “Yaya, na hannunka nawa ne?” Na duba, moci ɗin da ke cikin mocigoma daga riƙewa ya fito, goma ɗin kuma koma ce, sunan ɗan wasa a harshensu. Ɗan da ake riƙe da shi ke nan. Na ji daɗi da na ga koma ɗinsu ta yi karo da tamu, tunda ɗan komawa allo yake yi. Shin ɗan hannu zai yi?

Dattijo mai dara:
Maimaita min, ɗana. Ɗan hannu. To ai ka gama. Bahaushe in ya ce wane ɗan hannu ne, yana nufin na ciki ne, ya san sirri, an yarda da shi. Ga shi a hannunka yake, ga shi ya zama naka. Na janye bursuna. 'Yan hannu uku, 'yan hannu biyar, baki ba ya tuntuɓe.

Wata ɗaliba:
Baba, ni ma na bi. Saura aikin. Sa ya yi yawa a harshe, ana sa riga ana sa gishiri. Jefa kuma kamar an yi da ka ne, alhali a nan ake dogon tunani. A gidanmu noman fadama ake yi, kuma abin da na gani shi ne dashe. Ka cire irin albasa daga inda ya tsiro, ka riƙe a hannu, ka zaɓi wuri ka kafa shi, ya ci gaba da rayuwa a sabuwar ƙasa. “Na dasa azurfa.” “Ya yi min dashen doki.”

Malamin Hausa:
Madalla. Hanyar gwada kalma ita ce a ɗora mata dokoki a ga ko za ta ɗauka. Ba a dashe a gidan da akwai wani. Ba a dasa ɗa a inda ba zai iya motsi ba: dakare da mashi a layin ƙarshe, doki a layuka biyu na ƙarshe. Ba a dasa dakare a layin tsaye da kake da wani dakaren da bai samu ƙarin girma ba. Wannan laifin nifu suke ce masa, wanda ya yi ya faɗi wasan nan take, kuma ya taɓa faruwa har ga ƙwararru. Mu kira shi tagwaye. Sannan ba a gama da sarki da dashen dakare, ko da yake an yarda ka gama da shi da dakaren da ya tako da ƙafarsa. Duk sun zauna a baki.

Ƙarin girman nan kuma, Baba, a nan sarautarka za ta yi aiki. Layuka uku na ƙarshe sansanin abokin gaba ne. Ɗan da ya shiga, ko ya motsa a ciki, ko ya fito daga ciki, ana iya kifa shi a nuna ɗaya fuskar. Naɗi ke nan. Azurfa da doki da mashi da dakare in an naɗa su duk tafiyar zinare suke yi. Karusa ta ƙara taku ɗaya na karkace, kusurwa ta ƙara taku ɗaya na tsaye da kwance. Sarki da zinare ba a naɗa su. Kuma in aka ci naɗaɗɗe, an tuɓe shi: yana zuwa hannu ba rawani. Shi ya sa naɗaɗɗen dakare, tokin a bakinsu, yake da ban tsoro. Yana yi maka ɓarnar zinare, in ka ci shi dakare kawai ka samu.

Dattijo mai dara:
Wannan ta yi min daɗi. To in an kai wa sarki hari, me ake cewa?

Mai neman kalma:
Ote suke kiransa, Baba, amma a wasan manya ba dole a furta ba. In ba mafita kuma tsumi, wanda ba zan ara ba don kunnen Bahaushe wani abu daban zai ji.

Dattijo mai dara:
Dogarai in sarki zai taka wuri mai haɗari hattara suke cewa. Ku ce hattara. In ba mafita, an ritsa sarki.

Mai neman kalma:
Na rubuta duka a bayan kwalin. Shi kansa wasan zan bar shi shogi, darar Japan ta zama bayani, don yaran su iya neman wasannin Habu Yoshiharu, wanda ya haɗa kambu bakwai a 1996, da na Fujii Sota, wanda ya zama ƙwararre yana ɗan shekara 14 a 2016 ya kuma haɗa kambu takwas a 2023. Ɗazu bayan la'asar muka gwada. Babban ya dasa min azurfa a karkacen bayan zinare, inda zinaren ba ya iya waiwayowa, ya ce hattara, kuma ƙaramin ya gane abin da ya faru ba tare da na fassara ba. Karusa ce kaɗai suka tambaye ni ma'anarta har sau biyu. Malam, a bar wannan a buɗe, ko wani zai zo da wadda yaro zai ji sau ɗaya ya riƙe.