Shiga ramin azurfa na Cerro Rico a Potosí: me ake shiryawa?

Dan_Katsina: Assalamu alaikum. Ina da tafiya Bolibiya a watan Yuli, kuma ina son in shiga ramukan dutsen Cerro Rico da ke Potosí, inda har yau ake haƙa. Wane shiri ake yi, kuma me ya fi ba baƙi matsala a ciki?

Malam_Buba: Wa alaikumus salam. Malam, kafin maganar rami, fara da maganar tudu. Garin Potosí yana kan kimanin mita 4,000 sama da teku, bakunan ramukan kuma sun fi garin bisa. Iskar wurin ba ta ƙosar da huhu, ga shi za ka shiga inda ƙura da zafi suka ƙara rage ta. Ka yi kwana biyu ko uku a garin Sucre, mai mita 2,800, sannan ka hau mota, tafiyar kamar awa uku ce. A Potosí ma ka kwana biyu kafin ka shiga. Ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci alamun jiki bai saba ba ne, mai su ya haƙura da rami ranar. Likitoci kan rubuta acetazolamide, maganin da ke taimaka wa jiki ya saba da tudu, miligiram 125 sau biyu a rana, a fara kwana ɗaya kafin hawa, amma likitanka ne zai yanke.

Abin da Turawa masu yawon buɗe ido ba sa ambata, mu kuwa ya shafe mu: sikila. Mai SS bai da abin yi a wannan tudu. Mai AS ma saifarsa na iya toshewa a irin wannan bisa, ciwo mai tsanani ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Ka san ko kai AA ne, AS ko SS tukuna.

Injiniya_Halima: Na ƙara da na ciki. Kamfanin yawon zai ba ka hular kwano mai fitila, takalmin roba da rigar aiki. Takunkumi kuwa ka zo da naka, N95 ko FFP2, guda biyu, don gumi na jiƙa na farko. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙurar dutsen, ita ce kuwa ke cinye huhun mahaƙan. Ka gwada fitilar a ofis, ka duba wayar da ta haɗa ta da batirin da ke ɗamara, a nan ne take yawan sakewa.

Yawon duka kamar awa huɗu ne, wajen biyu a ƙarƙashin ƙasa. Bakin rami sanyi, balle a Yuli da suke cikin hunturu, can ƙasa kuma zafi ya wuce digiri 30. Saka kaya marasa nauyi a ciki, riƙe ruwa lita ɗaya. Akwai wuraren rarrafe, akwai tsanin katako.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne tarago. Mutane ke tura shi a kan dogo, cike ya kai tan guda, kuma ba ya tsayuwa don baƙo. Da jagora ya yi ihu, manne da bango a gefen da ya nuna. Kada ka dafa bututu ko waya a sama, kada ka jingina da katakon da ya tokare rufi. Tun 1545 ake rarake dutsen nan, ƙoƙuwarsa ta fara ruftawa a 2011, shi ya sa UNESCO ta sa Potosí cikin wuraren tarihi da ke cikin haɗari a 2014. Zaɓi jagoran da ya taɓa aikin haƙa, ayari kuma kada ya wuce mutum takwas.

Sani_Maiduguri: Za a biya da ku kasuwar mahaƙa a sayi tsaraba: ganyen koka (wanda mahaƙan ke taunawa, daga shi kuma ake samar da hodar iblis), lemon kwalba, barasa mai kashi 96, har da nakiya. Lemo da safar hannu sun wadatar, ba wanda zai ga laifinka. A ciki akwai gunkin da suke kira El Tío, suna ba shi taba da barasa. Ka gaya wa jagora tun a waje ba ka yi, ka tsaya gefe. Ganyen koka halal ne a dokar Bolibiya, amma ko ɗaya kada ya rage a aljihunka ranar tashi, a filin jirgin wata ƙasa laifin ƙwaya ne. Ka je tsakanin Litinin da Juma'a, Lahadi kusan ba kowa a bakin aiki.